Komik ɗin Jarumai a 2019: Waɗanda Suka Yi Zarra da Waɗanda Suka Kwafsa

Shekarar 2019 ta naɗe tabarmarta, abokan karatu kuma sun dame ni da tambaya iri ɗaya: wanne ya fi, wanne ya ɓata maka rai? Na tattara tambayoyin wuri guda na amsa su. Amma fa zan fasa ƙwai, domin ba a iya yanke wa labari hukunci ba tare da an taɓa ƙarshensa ba. Wanda bai karanta ba, kuma yana son ya gani da idonsa, ya dakata a nan.

A taƙaice, yaya shekarar ta kasance?

Shekarar mutuwa ce. Kusan duk littafin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, daga kamfanin Marvel har na DC, mutuwa ce a tsakiyarsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ta raba su gida biyu. Littattafan da suka kashe fitattun taurari don a yi surutu, su ne na rufe ina tsaki. Biyun da suka fi kowa kyau kuwa, mutuwar suka cire daga lissafi gaba ɗaya, suka ce jaruminsu ba ya mutuwa, sannan suka tambayi abin da hakan zai jawo masa. Mai karatun komik ya daɗe da sanin cewa kabarin jarumi ba shi da murfi. Superman ya mutu a 1992 ya dawo, Captain America ya mutu a 2007 ya dawo. Marubucin da ya yi kamar ba mu san haka ba, raina mana hankali yake yi.

To, wanne ne gwarzon shekara?

House of X da Powers of X, na Jonathan Hickman. Sunaye biyu ne amma labari ɗaya ne: fitowa shida-shida, jimla 12, ana sakin ɗaya duk mako daga watan Yuli zuwa Oktoba. Pepe Larraz ya zana na farko, R.B. Silva ya zana na biyu, Marte Gracia ya sa musu launi.

Don a gane girman abin, sai an tuna halin da X-Men suke ciki kafin nan. Sun yi shekaru suna zagaye wuri ɗaya kamar jakin niƙa: a tsane su, a rushe makarantarsu, a kashe wasu, su sake ginawa. Hickman ya zo ya ce an gama wannan. Masu baiwar jini, wato waɗanda aka haifa da ƙarfi na musamman irin X-Men, sun koma tsibirin Krakoa, wanda shi kansa halitta ne mai rai, sun kafa ƙasarsu. Ba roƙon duniya suke ta amince da su ba, ciniki suka kawo. Suna da magunguna uku da ake samu daga furannin tsibirin: ɗaya yana ƙara wa mutum shekara biyar a rayuwa, ɗaya yana kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya yana warkar da cutar ƙwaƙwalwa. Ƙasar da ta amince da Krakoa ta samu, wadda ta ƙi ta zauna haka.

Fitowa ta biyu ta House of X ce ta sa na ajiye littafin na miƙe tsaye. Moira MacTaggert, wadda tun 1975 muka sani a matsayin likita ƙawar Charles Xavier, wanda ya kafa X-Men, ashe ita ma mai baiwa ce. In ta mutu sai ta koma cikin mahaifiyarta ta sake rayuwa daga farko, tana tune da duk abin da ya wuce. Wannan rayuwarta ta goma ce. Ta gwada bin Xavier, ta gwada Magneto, ta gwada Apocalypse, kowace hanya ta ɓulle ga halaka. Shafi kaɗan suka sauya ma'anar labaran shekara 40.

Me ya sa kake cewa sun cire mutuwa? Ai an kashe mutane a ciki.

An kashe, kuma nan gwanintar take. A fitowa ta huɗu, tawagar Cyclops ta kai hari wata tasha da ke kewaya rana, inda 'yan adam ke ƙera uwar na'urorin farautar masu baiwa. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗi. Saura maƙale ɗaya ya rage a yanke, kuma yana waje, inda zafin rana ba ya barin komai. Nightcrawler da Wolverine suka tsaya suka yi 'yar hira kan abin da ke jiran mutum bayan rai ya fita, sannan Nightcrawler ya ɗauke su zuwa wurin. Shi ya ƙone nan take. Wolverine ya ci gaba da sara naman jikinsa yana zuba, har kan na'urar ya faɗa cikin rana da shi.

Da aka zo fitowa ta biyar, sai ga su suna fasa wasu ƙwai masu ruwan zinariya suna rarrafowa tsirara. Mutum biyar ne ke haɗa baiwarsu su gina sabon jiki, Xavier kuma ya mayar da tunanin mamacin daga ajiyar da ya yi a na'urarsa Cerebro. Abin dariya, ƙashin bayan aikin shi ne Goldballs, yaron da aka daɗe ana yi wa ba'a saboda baiwarsa ita ce fitar da ƙwallaye. Ashe ƙwallayen ƙwai ne. Sai mai karatu ya tuna cewa wannan hoton na masu rarrafowa shi ne shafin farko na fitowa ta ɗaya, ya gani tun watan Yuli bai gane ba.

Daga nan tambayar ta daina zama wa zai mutu. Ta koma: wanda ya fito daga ƙwan, shi ne wanda ya mutu ko kwafinsa ne? Wa ke yanke wanda za a fara tayarwa? Kuma me ya sa jama'ar tsibirin ke ɗaga hannu suna ihu da murya ɗaya kamar 'yan ƙungiyar asiri? Ban taɓa jin tsoron X-Men ba sai a 2019.

Ba shi da aibi ke nan?

Yana da shi. Shafukan bayanai da jadawali da Tom Muller ya tsara suna da kyau a ido, amma wani lokaci sai ka ji kamar takardar jarrabawa aka miƙo maka. Sassan Powers of X da ke shekara ta 1000 sanyi gare su, ba wanda za ka damu da shi a ciki. Sannan jerin littattafai shida da suka biyo baya ba su zo daidai ba. Marauders na Gerry Duggan, inda Kate Pryde ta zama kyaftin ɗin jirgin ruwa saboda ƙofofin Krakoa sun ƙi karɓarta, yana da daɗi. Fallen Angels kuwa na daina a fitowa ta biyu.

Wasu na cewa Immortal Hulk ya fi shi. Me ka ce?

Ba zan yi musu da su sosai ba. Da a 2019 ya fara, da wataƙila shi na ba kambun, amma tun Yunin 2018 Al Ewing da Joe Bennett suka soma. Dabarar mai sauƙi ce: ana iya kashe Bruce Banner, mutumin da ke rikiɗewa ya zama Hulk, da rana, amma da dare ya yi Hulk zai tashi. Sun mayar da littafin labarin ban tsoro, kamar yadda ya faro a 1962 lokacin da faɗuwar rana ce ke sauya shi ba fushi ba.

A 2019 ne suka shiga da shi ta Koriyar Ƙofa zuwa wani wuri mai kama da jahannama, inda ya tarar da mahaifinsa Brian, mutumin da ya azabtar da shi yana yaro. Nan ne aka gane cewa wannan dodon da duniya ke gudu, uba ne da yaro mai tsoro ya ƙirƙira wa kansa don ya samu mai kare shi. Bennett kuma ba ya tausayin mai karatu. Sabon Abomination da ya zana, fuskarsa tafukan hannu ne a rufe, in suka buɗe sai ka ga abin da ya rage na Rick Jones, tsohon abokin Banner, a ciki. Na karanta wannan da dare, na yi da-na-sani.

Fitowa ta 25, wadda Germán García ya zana yawancinta, ta tsallaka zuwa ƙarshen zamani, ta ba da labarin ta bakin wata halitta da ba ta da kama da mutum ko kaɗan. Ba kowane kamfani ne zai bar marubuci ya yi haka da ɗaya daga cikin manyan hajojinsa ba.

Wanne ne mafi muni?

Heroes in Crisis. Na faɗa da ciwon rai, domin Tom King ne ya rubuta, mutumin da Mister Miracle ɗinsa ya ci kyautar Eisner, babbar kyautar duniyar komik, a 2019.

Tushen labarin mai kyau ne. Superman da Batman da Wonder Woman sun gina wani gida a karkarar Nebraska, Sanctuary, inda jarumin da yaƙi ya taɓa wa zuciya zai je ya yi magana a asirce. King tsohon ma'aikacin hukumar leƙen asirin Amurka ne, ya san abin da yaƙi ke bari a jikin mutum. Shafukan da ya raba gida tara, jarumi yana zaune yana kallonka yana faɗin damuwarsa, wasunsu suna taɓa zuciya. Da a nan aka tsaya, da na sa shi cikin na gaba-gaba.

Sai aka ɗora masa labarin kisan gilla. An tarar da gawarwaki a gidan, har da Roy Harper, aka bar Booster Gold da Harley Quinn suna nuna wa juna yatsa har wata bakwai. A fitowa ta takwas aka ce Wally West ne, ɗaya daga cikin jaruman da ake kira Flash. Wannan Wally da DC ta dawo da shi a watan Mayun 2016 tana shelar cewa shi ne alamar dawowar fata. An ce baƙin cikin rasa matarsa Linda da 'ya'yansa ya sa ƙarfinsa ya kuɓuce masa, mutane suka mutu. Har nan ana iya cewa tsautsayi ne. Amma sai aka sa shi ya jera gawarwakin abokansa, ya shirya shaidar ƙarya, ya laƙa wa mutum biyu laifin. Littafin da ya fara da cewa neman taimako ba abin kunya ba ne, ya ƙare da nuna cewa wanda ya je neman taimakon shi ne abin tsoro. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai kuma zanen. Clay Mann gwani ne, amma yadda yake karkata jikin mata a labarin da ke magana kan raunin zuciya bai dace ba ko kusa. Na sayi duka tara, kowace fitowa ina cewa ta gaba za ta gyara.

Mutuwar Alfred fa? Ba ta girgiza ka ba?

Ta ba ni haushi, wanda ba ɗaya yake da girgiza ba. A Batman na 77, cikin watan Agusta, mugun nan Bane ya karya wuyan Alfred a gaban Damian, ɗan Batman. Dattijon da ke cikin labaran Batman tun 1943, wanda ya reni Bruce, wato Batman kansa, ya ɗinke masa rauni ba adadi, an gama da shi a shafi ɗaya yana ɗaure a kujera, Bruce ba ya ma garin. Makonni da yawa masu karatu suna cewa ai Clayface mai sauya kama ne ya yi shigarsa, saboda ba wanda ya yarda za a yi abin haka da arha.

Gaskiya dai jerin Batman na Tom King ya riga ya gaji. Tun auren Batman da Catwoman da aka fasa a fitowa ta 50 a 2018 iska ta fita daga tayar, farkon 2019 kuma aka shafe fitowa bakwai Batman yana mafarki. King ya tsara zai kai wajen 100, aka tsayar da shi a 85 a watan Disamba. Saƙon ban kwana da Alfred ya bari a fitowa ta 83 ya yi kyau, na yarda.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A DCeased na Tom Taylor, labarin gefe ne da cuta ke yaɗuwa ta fuskar waya da kwamfuta tana haukata mutane, Alfred ne ya ɗauki bindiga ya harbe Bruce da ya kamu. Labarin da kowa ya san ba ya cikin asalin tarihi, shi ya fi nuna abin da ke tsakanin mutanen nan biyu.

Akwai wasu da suka ba ka kunya?

Spider-Man na J.J. Abrams da ɗansa Henry. Marvel ta yi kwanaki tana sakin lambobi da aka saƙa da yanar gizo, 4, 3, 2, 1, mutane suna ta hasashe. Da littafin ya fito a Satumba, an kashe Mary Jane tun a shafukan farko don a samu dalilin baƙin cikin mijinta Peter, wato Spider-Man, aka tsallake shekara 12. Sara Pichelli ta yi iya ƙoƙarinta. Jinkiri kuma ya biyo baya.

Sai Nightwing, wanda aka harba a ka a 2018, ya manta kansa, ya koma tuƙa tasi da sunan Ric. Shekara guda cur ana jan wannan. Superman: Year One na Frank Miller da John Romita Jr. kuma, inda Clark, wato Superman, ya shiga sojan ruwa ya je neman 'yar sarkin ƙarƙashin teku, har yau ban san wa aka rubuta wa shi ba.

Doomsday Clock ya ƙare a ƙarshe. Jiran ya biya?

Rabi da rabi. Ci gaban Watchmen ne, komik ɗin Alan Moore da Dave Gibbons, an fara shi a Nuwamban 2017 da niyyar ya ɗauki kamar shekara ɗaya, bai ƙare ba sai 18 ga Disamban 2019. Tsakanin fitowa ta 11 da ta 12 kaɗai, tashar HBO ta fara shirinta na Watchmen mai kashi tara ta gama shi. Labarin da aka ce zai nuna inda duniyar DC ta dosa, duniyar ta wuce ta bar shi a hanya.

Amma fitowa ta goma ta cancanci a karanta ko ita kaɗai. Geoff Johns ya sa Doctor Manhattan yana kallon yadda zuwan Superman ke matsawa gaba, daga 1938 zuwa 1956 zuwa 1986, kowane matsi kuma yana sake fasalin duniya. Wato ya mayar da ɗabi'ar kamfanin ta sake farawa daga tushe ta zama ɓangaren labarin. Gary Frank kuwa, in ka ga yadda yake zana fuska za ka gane inda watannin suka tafi. Ko ya dace a ci gaba da aikin Alan Moore da Dave Gibbons na 1986 alhali Moore bai so ba, wannan wata rigima ce, kuma ina ɓangaren Moore.

Wanda bai taɓa karanta komik ba, fim kawai yake kallo, daga ina zai fara?

Kada ya fara da Hickman, zai ɓata a daji. Ya nemi Spider-Man: Life Story na Chip Zdarsky da Mark Bagley. Fitowa shida ce, kowace tana ɗaukar shekara goma. Gizo ya ciji Peter a 1962 yana ɗan 15, kuma a nan an bar shi ya tsufa kamar kowa: yaƙin Biyetnam, aure, 'ya'ya, furfura, har 2019 yana da shekara 72. Yana da farko, yana da ƙarshe, abin da komik ɗin jarumai ba su cika bayarwa ba.

In ya gama, ya ɗauki Daredevil na Zdarsky ɗin dai, da zanen Marco Checchetto, wanda ya fara a Fabrairu. Matt Murdock, wato Daredevil, ya taso daga jinya jikinsa bai gama warwarewa ba, ya tari wasu ɓarayi uku, ɗaya ya bugu a ka ya mutu. Ba fitaccen mugu ba ne, ba wanda ya san sunansa kafin nan. Matt ya yi ta neman wanda ya shirya masa tuggu, ya zargi Wilson Fisk da ke magajin garin New York, daga ƙarshe ya gane ba kowa, shi ne. Mutuwar wannan ɓarawo guda ta fi dukan gawarwakin Sanctuary nauyi, domin an bar ta ta zauna, ba a tashe shi ba, ba a kuma wanke Matt ba.

Duk baƙin ciki ne? Babu na dariya?

Akwai Superman's Pal Jimmy Olsen na Matt Fraction da Steve Lieber. A fitowar farko Jimmy ya faɗo daga sararin samaniya, ya rikiɗe ya zama ƙaton kunkuru, ya ragargaza gunkin zakin Metropolis. Daga baya ya yi mutuwar ƙarya ya gudu Gotham yana tsokanar Batman. Shi ma dai mutuwar ce, amma ta wasa. Unbeatable Squirrel Girl na Ryan North kuma ya rufe a fitowa ta 50 a Nuwamba, zan yi kewarsa.

Fitowar cika 1000 da aka yi ta talla fa?

Detective Comics na 1000 ya fito a watan Maris don cikar Batman shekara 80, shafi 96 a kan dala 9.99, an sayar wa shaguna fiye da kwafi dubu 500. Yawan bangon da aka yi masa iri-iri ya taimaka, don akwai masu sayen littafi ɗaya sau goma. Cikinsa gajerun labarai ne, wasu da kyau, wasu cika shafi. Marvel Comics na 1000 kuwa lambar ƙirƙira ce, ba a taɓa yin na 999 ba. Shafi ɗaya ga kowace shekara daga 1939, kowanne da masu aikinsa. Ado ne na kan kanta.

Wane ne ba a yi maganarsa sosai ba amma ya kamata?

Far Sector na N.K. Jemisin da Jamal Campbell, da ya fara a Nuwamba. Sabuwar Green Lantern, Jo Mullein, tana binciken kisan kai na farko cikin shekara 500 a wani birni mai mutum biliyan 20 da aka cire wa jama'arsa motsin zuciya. Da Superman Smashes the Klan na Gene Luen Yang, wanda ya samo asali daga wasan rediyo na 1946, kan wani iyali 'yan asalin Sin da suka tare a sabuwar unguwa masu wariyar launin fata suka sa su gaba. An yi shi don yara, amma ya fi yawancin na manya hankali. Silver Surfer: Black kuma, ko ba ka karanta kalma ɗaya ba, zanen Tradd Moore ya isa.

A ƙarshen 2019, me kake jira a 2020?

James Tynion IV ya karɓi Batman daga fitowa ta 86 a Janairun 2020, Donny Cates kuma ya karɓi Thor bayan shekara bakwai na Jason Aaron. A lokacin ina son ganin yadda Brian Michael Bendis zai yi da Superman tunda ya sa shi ya bayyana wa duniya cewa shi ne Clark Kent a fitowa ta 18. Ina kuma jiran ranar da Mystique za ta gane cewa ba a da niyyar tayar mata da masoyiyarta Destiny a Krakoa, domin Moira ta hana a dawo da duk mai ganin gaibu.

Sannan akwai Strange Adventures, na Tom King da Mitch Gerads da Evan Shaner. Bayan Heroes in Crisis na rantse na gama da King. Na riga na sa sunana a jerin masu jiran fitowar farko.